Tukunyar Juma'a ta fi ƙarfina, har na taɓa kuɗin makarantar yara

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a unguwar Rikkos da ke Jos, 'ya'yana huɗu, ina sayar da atamfa da mayafai a cikin gida. Shekara biyu da suka wuce mu bakwai 'yan Islamiyyarmu muka fara ɗora tukunya duk Juma'a, muna kai wa masu kwana a rumfunan kasuwar Taminus da bakin tashar hanyar Bauchi. Kowace takan kawo mudun shinkafa da abin da ya sawwaƙa. Da mutum 40 muka fara, yanzu sun haura 120. Abokan tafiyar sun zame ɗaya bayan ɗaya, saura ni da wata dattijuwa wadda ba ta da ƙarfi sai addu'a. Jarina ya shige tukunya. Mai hatsi a kasuwar Katako yana bina dubu 140. Abin da ya fi hana ni barci, kuɗin makarantar yara na zango na biyu da maigida ya ba ni ajiya na cire dubu 60 a ciki, bai sani ba, ga Janairu ta ƙarato. Ban da wannan, akwai wata mata da rikicin Mangu ya raba da gidanta, na tsince ta a tasha da yara biyu na sa ta a ɗakin zaure. Sati biyu muka ce, yau wata huɗu. Maigida ya fara cewa gidansa ba sansani ba ne. Ƙanena kuma yana matsa mini mu riƙa ɗaukar mutanen hoto da bidiyo muna sawa a Facebook da TikTok, wai kuɗi za su shigo. Duk ranar da na ce na daina, sai fuskar wani tsoho da yake jirana a gindin wata rumfa ta faɗo mini a rai. Anti, yaya zan yi?

Ƙanwarki daga Rikkos

Wa alaikis salam ƙanwata. Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki tarar da tukunyar nan a mizani. Na faɗi wannan da gaske, kuma na faɗe shi da farko ne domin abin da zai biyo baya ba duka ne zai yi miki daɗi ba.

Mu fara da dubu 60 ɗin nan, don ita ce wutar da ta fi kusa da zanenki. Ki gaya wa mijinki. A cikin satin nan, kafin ranar komawa makaranta ta gaya masa. Na san abin da zuciyarki take raya miki: bari in sayar da turmi uku in mayar, babu wanda zai sani. Wata nawa kika yi kina faɗa wa kanki haka? Kuɗin da ya shiga tukunya ba ya dawowa ta hanyar da ya bi. Idan maigida ya ji daga bakinki, ɓacin rai zai yi na kwana biyu ko sati, kuma yana da gaskiya. Idan kuwa ya ji ranar da aka koro yara daga bakin get, ba zancen kuɗi za ku yi ba, zancen amana za ku yi, shi kuwa wannan ya fi daɗewa bai warke ba.

Ki zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta, yara sun kwanta. Kada ki soma da labarin tsohon da yake jiranki, kada ki soma da falalar ciyarwa. Idan kika soma da wa'azi zai ji kamar kina so ki ɗaure shi da addini ne, ya rasa bakin faɗa. Ki ce, "Baban wane, na yi maka laifi. Kuɗin da ka ba ni ajiya na taɓa dubu 60, ga inda suka tafi, ga yadda nake so in biya." Sai ki yi shiru, ya faɗi abin da ke ransa. Bashin Katako ma ki faɗa a zama ɗaya. Kada ki bar rabi don gobe, wai kar abin ya yi masa yawa. Mutum yakan yafe babban laifi ɗaya, amma idan aka riƙa fito masa da su kaɗan-kaɗan sai ya fara tunanin me kuma ya rage a ƙarƙashin tabarma.

Wata za ta ce miki ai mace tana da ladan abin da ta bayar daga gidan mijinta. Haka ne, hadisin yana nan, amma da sharaɗinsa: abincin gida, ba tare da ɓarna ba. Kwanon tuwon da kika miƙa wa almajiri ke nan, ko ɗan gari da kika ɗebar wa maƙwabciya. Kuɗin da aka ware aka ce na karatun yara ne sunansa ajiya. Kuma Manzon Allah (SAW) da ya ce mafificiyar sadaka ita ce wadda aka bayar bisa wadata, a nan take ya ƙara da cewa ka fara da waɗanda kake ciyarwa. Bahaushe ma bai yi nisa da wannan ba da ya ce sai gida ya ƙoshi ake kai wa dawa.

Ban faɗi wannan daga kan kujera ba. Bayan ambaliyar 2012, wadda ke da kike Rikkos kin fi ni sanin abin da ta yi wa unguwarku da Gangare, ni ma na shiga dafa wa mutanen da aka tsugunar a wata makarantar firamare. Sati na farko mu goma sha wani abu ne, kowa da zafinsa. Kafin wata biyu na duba gefena na ga ni kaɗai ce da ludayi. Kunya ta hana ni cewa na gaza, na sayar da 'yan kunnena na zinari, na ci bashi a kai. Ranar da abin ya tsaya, tsayawa ya yi cak, ban ko iya zuwa na yi wa mutanen sallama ba. Har yau wannan ne yake cina, ba zinarin ba. Da na rage tukunyar tun da wuri, da ta kai su har ranar da suka koma gidajensu.

To ke ma inda kike ke nan. A ranki hanya biyu ce kawai, ko ki ci gaba da ciyar da 120 ko ki daina. Akwai ta uku, kuma ita nake so ki bi: tukunyar ta koma daidai ƙarfin masu ita, masu itan kuma su wuce mutum ɗaya. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Kafin ki yi fushi da abokan tafiyarki, ki tuna a wane zamani suka zame. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, wace ce a cikinmu ba ta rage hannu a cefanenta ba? Mudun shinkafar da mace take ɗauka daga ɗakin ajiyarta ba ta ji ba, ya zama abin da sai ta yi lissafi. Na fi zaton ba zuciyarsu ce ta mutu ba, kunya ce. Wadda ba ta da mudu ba za ta zo hannu rabbana ta zauna tana kallon ki kina aunawa ba, gara ta ce miki yaro ba lafiya. Ke kuma da kika riƙa cike gurbin kowa ba tare da kin yi magana ba, kin koya musu cewa abin yana tafiya ko babu su. Ki bi su gida-gida, ba a taron Islamiyya ba. Ki ce wa kowace, "Ba shinkafa na zo nema ba. Tukunya za ta mutu, me za ki iya?" Wata itace za ta iya. Wata wankin tukwane. Wata ɗanta yana da keke, zai kai abinci ba a biya ba. Wata naira 500 duk sati, kuma 500 da ba ta yankewa ta fi buhun da ya zo sau ɗaya aka yi ta jiran ɗan'uwansa.

Sannan ki sauka daga kan shinkafa. Ban san wanda ya ɗora mana cewa sadaka ba ta karɓuwa sai da shinkafa da miya ba. Mu da muke Jos, garin gwate? Tsakin masara, alayyafo, yakuwa, gauta, ɗan wake, manja da daddawa, ga abinci mai riƙe ciki, mai zafi, wanda tsoho marar haƙori zai sha ya ji daɗi. Ki je Farin Gada da la'asar sakaliya ranar Alhamis, ki nemi shugaban masu kayan gwari, ki gaya masa abin da kuke yi. Kabejin da ya fashe, karas ɗin da ya karye, tumatirin da ba zai kai gobe a kan tebur ba, duk lafiyayyu ne a tukunya in an gyara. Da yawansu za su fi so su ba ki da su zubar. Amma abin da ya ruɓe ki bar shi a nan, ba a yi wa mai yunwa sadaka da gudawa. Haka kuma abin da aka dafa da safe kada a ƙulle shi a leda da zafinsa ya wuni sai dare. A kai a cikin kula, a zuba a raba da ɗuminsa.

Mutum 120 ɗin nan kuma ba iri ɗaya ba ne, in kin zauna kin lura. Akwai wanda ba shi da murhu ba shi da ɗaki, kwali ne shimfiɗarsa, tun da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002 gefen nan bai rabu da irinsu ba. Wannan dafaffe yake buƙata, kuma shi ne asalin wanda kuka fito dominsa. Akwai almajirai, su kuwa malaminsu za a nema, a kai musu tsaki ko gari can tsangaya, ya fi a tara su a bakin titi. Akwai 'yan dako da masu turin baro da suka ga ana rabo suka miƙo hannu, ba laifi suka yi ba, amma suna da abin yi. Idan ƙarfinku na mutum 40 ne, ku koma 40, ku san su da fuska da suna, tsofaffi da marasa lafiya da mata masu goyo a gaba. Tsohonki yana cikinsu. Sauran ki tsaya da kanki ki gaya musu gaskiya sati guda kafin a rage, kada su zo su tarar da wayam. Za a yi miki ƙorafi, wani ma zai ce kin fara cin kuɗin. Ki haɗiye.

Tun da zancen cin kuɗi ya zo: daga yau kada kuɗin tukunya su sake kwana a jakar da kuɗin atamfa suke. Dattijuwar nan da kika ce ba ta da ƙarfi sai addu'a, ita ce ma'ajinku, Allah ya ba ku ita kuna kallo. A sayi littafi mai layi, abin da ya shigo a rubuta, abin da ya fita a rubuta, ƙarshen wata a karanta a gaban kowa. Abin da ke cikin littafin ranar Alhamis shi za a dafa ranar Juma'a, ko da kunu ne. Ba a cin bashi a ɗora. Wasu za su ce ku yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, CAC, ku zama ƙungiya. Yana da amfaninsa in abin ya girma, don banki ba ya buɗe asusu da sunan ƙungiya sai da takardu, amma akwai kuɗin lauya da na sanarwa a jarida da zaɓen amintattu. Mai bashin dubu 200 ba ta nan za ta fara ba.

Mai hatsin Katako kuma ki je da ƙafarki, kada ki bari ya aiko. Ki ce masa ga abin da za ki iya duk wata, ki tsaya a kai. Ki kuma samu limamin unguwarku ki warware masa komai, don akwai abin da mata da yawa ba su lura da shi ba: cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa a matsayin masu cin zakka, akwai waɗanda bashi ya yi wa katutu. Ke da kika ci bashi kina ciyar da miskinai, ki tambaye shi ko kin shiga ciki. Shi zai yi miki fatawa, ba ni ba. In ya ce kin shiga, kada girman kai ya hana ki karɓa. Limamin nan kuma shi ya san attajiran da suke fitar da zakka suna neman hannun da za su amince da shi, kuma kalma ɗaya daga bakinsa bayan sallar Juma'a ta fi yawon da za ki yi wata guda.

Shawarar ƙanenki kuwa, rabinta na karɓa. Gaskiya ne mutane ba sa ba da kuɗi ga abin da ba su gani ba. To a nuna musu tukunya a kan wuta, a nuna buhun tsaki, a nuna shafin littafin da aka rubuta shige da fice. Fuskar mutum tana karɓar kwano kuwa, a'a. Matar da take miƙo roba a Taminus wataƙila shekara uku da suka wuce ita take aika wa maƙwabta tuwo a garinsu. Tana da 'yan'uwa masu waya, tana da 'ya'yan da za su girma su yi aure. Bidiyon da aka saka yau yana nan bayan ta samu ɗaki ta manta da wannan zama. Kuma kada ƙanenki ya ce ai an tambaye su sun yarda. Wanda yake kallon abinci a hannunka, me za ka tambaye shi ya ce a'a? Alƙur'ani ya hana mu ɓata sadaka da gori da cutarwa, ni kuwa ban ga cutarwar da ta wuce a sayar da kunyar mutum a sayi shinkafarsa ba.

Akwai wani dalilin ma da ya fi wannan tsoratar da ni. Kada ku taɓa sanar da wuri da lokacin rabo a intanet. A watan Disamba na 2024, cikin sati ɗaya, an yi turmutsutsu a wajen rabo a Ibadan da Okija da kuma wani coci a Maitama ta Abuja, a cocin kaɗai mutum 10 suka rasu. Duk masu niyyar alheri ne suka shirya. Yunwar da ake ciki ta kai inda sanarwa ɗaya za ta tara miki jama'ar da mata bakwai ba za su iya tsayar da ita ba. Ku bi mutanenku inda suke, ku ba su a zaune, ku wuce. Ku tafi da namiji ko biyu, ku dawo kafin duhu. Garin nan kin san shi, rana ɗaya ake wayar gari da dokar hana fita.

Saura baƙuwarki. A nan sai na tsaya wa mijinki kaɗan. Mutumin da ya bar matar da ba muharramarsa ba da yara biyu a zaurensa wata huɗu, alhali sati biyu aka ce masa, ba marar tausayi ba ne. Shiga gidansa sai ya yi gyaran murya, baƙonsa ba shi da wurin zama, cefanensa ya ƙaru da baki uku. Ki fara gode masa kafin ki roƙe shi komai. Abin da yake damunsa, in na fahimta, bai ga ƙarshen abin ba ne. To ki nuna masa ƙarshen. Ku sa rana tare, amma ki roƙe shi ranar ta wuce tsakiyar Fabrairu. Garin da yake sama da mita 1,200 a kan tudu, sanyin Disamba da Janairu ba abin da za a fitar da yara cikinsa ba ne, shi ma ya sani.

Kafin ranar ta zo, nauyin matar nan ya tashi daga kanki ya koma kan unguwa. Ki kai ta wurin mai unguwa ya san da zamanta, wannan kariya ce gare ku duka. Ki zauna da ita ki tambaye ta danginta. Mutanen Mangu da Bokkos da rikicin 2023 ya watsa suna da 'yan'uwa a Bukuru da cikin Jos, kuma sau da yawa akwai kawu ko ɗan ƙauyensu da kunya ta hana a nema. A kai sunanta hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, SEMA, ko da ba a samu komai nan take ba, sunan ya shiga takarda. 'Yan agaji na masallatai sun saba da irin wannan, haka zumuntar mata ta coci-coci, su ma shekara da shekaru suna wannan aiki a garin nan, kuma na ga inda aka haɗa hannu da su aka kama wa mutum ɗaki. Abin da za a nema ɗaki ɗaya ne na haya, kuɗin wata shida, da ɗan jarin awara ko ƙosai. Ki tambaye ta me ta iya tun a gida, kada ku zaɓa mata. Kuma ki daina ɗaukar ta a matsayin wadda ake yi wa kawai. Mace ce mai hannu biyu, wataƙila ta fi ku duka iya gwate. Ranar Juma'a ki ba ta muciya.

Wani abu da ban ji kin ambata ba, kuma a wannan watan ya kusa fin abinci: bargo. Wanda ya kwana a kan siminti a Taminus cikin hunturu, da asuba ba yunwa ce take fara tashinsa ba. Wannan kuwa ba ya buƙatar ki ci bashi. Kowane gida a Rikkos akwai rigar sanyin da ta yi wa yaro kaɗan da tsohon bargon da aka cusa a ƙarƙashin gado. Ki sa a faɗa a Islamiyya ranar Asabar, a tara, a wanke, a shanya. Abin da ya kasa a cike da gwanjon Katako in littafi ya yarda. Matan da suka ji kunyar zuwa babu mudu, ta wannan ƙofar za su dawo, don kowace tana da abin da za ta kawo.

Juma'ar nan mai zuwa kuwa, in littafi bai nuna komai ba, ki dama kunu a fulas, ki ɗauki bargo ɗaya, ki je wurin tsohon nan ki zauna ki gaya masa yadda ake ciki. Ki tambaye shi sunansa da garinsu, in ba ki taɓa tambaya ba. Ki rubuto mini bayan kun yi magana da maigida, ina so in ji yadda kuka ƙare da zancen ɗakin zaure.

Antinku